Dashen Masakwa

Ruwan Logon ya ja da baya, laka ta fara tsagewa,
duk Yagwa an saɓa sanda an fita dashen masakwa.
Kai kaɗai, Wangba yayana, kana gindin darbejiya,
rediyo a cinya, ido a sama,
kana jiran a fyauce ka.

Ka ce mai wa'azi ya gama lissafi:
kafin tsanani za a ɗauke zaɓaɓɓu a asirce,
a bar takalma a ƙofa, a bar tukunya tana tafasa,
babur na gudu a hanyar Marwa ba mai tuƙawa.
To ina amfanin dashen da ba za ka girba ba?

Ban yi maka musu ba.
Na je na kwance Littafin Inna daga leda,
wanda ambaliya ta kumbura, har yau yana warin laka.
Dare uku ina bin sa da yatsa
sai da batirin tocila ya mutu.

Na ga wurin, ba zan ɓoye maka ba.
Akwai gajimare, akwai ƙaho, akwai ɗaukewa.
Amma wa ya taɓa busa ƙaho a asirce?
Ran da dorina ta shiga shinkafar Dangmo
busa ɗaya aka yi, har kurma ya fito da tabarya.

Kuma ga masu makoki Bulus ya rubuta,
masu tambayar ina nasu da suka riga su kwantawa.
Hawaye yake sharewa, ba ranar tafiya yake sanyawa ba.
Ya ce za mu tarye shi.
Ka tuna da Baba ya dawo daga asibitin Anjamena?
Mun fita har bakin kogi, mun karɓi jakarsa.
Shin mun bi shi mun koma can?
Gida muka rako shi, aka yanka ɗan akuya.

Sai mutum biyu a gona, a ɗauki ɗaya a bar ɗaya.
Na ɗaga ido layi kaɗan sama, sai ga Nuhu,
sai ga ruwa yana kwashe mutane.
A nan na rufe Littafin, hannuna na rawa.
Daren da madatsa ta karye
Maiwore aka ɗauka,
kai aka bari a reshen tsamiya.
Wa muka yi wa kuka, Wangba?

Fasto ya ce ina karatu da idon masunci,
wai akwai alkawarin tsarewa daga sa'ar gwaji.
Na gani, kuma ban iya warware shi duka ba.
Ni dai na san an tsare Inna,
amma ruwa na wuyanta aka tsare ta,
Littafin nan a kanta, jikarta a kafaɗa.
Da 'yan'uwan da suka gangaro daga duwatsu
aka ƙone musu majami'a da rumbuna,
ba wanda ya fyauce su.
Ko nasu tsananin bai kai a ƙirga ba?

Zai zo. Wannan ban taɓa shakka ba.
Ranar ce aka ce ko mala'iku ba su da labari,
balle rediyo mai cin batiri huɗu.

Na huda maka rami ɗari biyu a gefen tawa,
na zuba ruwa, iri na jiƙe cikin kwando.
Taso.
In ya zo, ya same mu a sunkuye, laka har gwiwa.
In aka ɗauke mu yadda ka faɗa,
ka yi mini dariya a sama, na yarda.
In kuwa ya jinkirta,
'ya'yanka biyar sun san hanyar rumbu,
kuma bazara ba ta sauraron wa'azi.